BABI NA HUƊU: TARKEN HANYOYIN GANE ZUBIN HARUFFA A TAMBARI DA ALLUNA DA TAKARDU

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo tarihin ɗab'i da yadda aka sami haruffa iri-iri, tun daga zamanin da ake zuba su da dalma har zuwa bayyanar kwamfuta. Shi kuwa wannan babi tarke zai yi a kan hanyoyin da ake bi domin a gane sunan zubin haruffan da aka gani a jikin tambarin kamfani, ko allon hanya, ko bugaggiyar takarda. Abin da ake nufi da zubin haruffa a nan shi ne cikakken jerin baƙaƙe da wasula da lambobi da alamomin rubutu waɗanda aka zana su da kama ɗaya, aka kuma raɗa musu suna, kamar Times New Roman ko Helvetica ko Calibri.

Ana iya ɗauka cewa wannan aiki ne na masu sha'awar zane kawai. To, amma an sha kai maganar gaban alƙali, har ta shafi kujerar shugabanni da aikin 'yan jarida da 'yancin mutanen da ke tsare. Don haka ya kamata a auna hanyoyin, a ga nauyin da za su iya ɗauka. Matsayin wannan bincike shi ne, gane zubi hujja ce mai ƙarfi idan ana son a kore wata da'awa, musamman da'awar shekarar da aka buga takarda, amma ƙarfinta yana raguwa ƙwarai da zarar an nemi ta tabbatar da wani abu.

4.1 Ido da Ma'auni

Hanya ta farko ita ce ta ido. Mai duba yakan fara raba haruffa gida biyu: masu ƙafa, wato waɗanda ke da 'yan gajerun layuka a ƙarshen kowace sanda kamar Times New Roman, da kuma marasa ƙafa kamar Helvetica. Daga nan sai ya nemi haruffan da suka fi tona asiri. Ba kowane harafi ke da amfani ba, domin "o" da "l" kusan kamarsu ɗaya a zubi masu yawa. Waɗanda ake dogara da su su ne irin su "g", a ga ko mai ciki biyu ce ko mai ciki ɗaya da wutsiya, sai ƙafar "R", da wutsiyar "Q", da haɓar "G", da kan "t", da lambar "1".

Domin a sauƙaƙa wannan aiki, wani Bafaranshe mai suna Maximilien Vox ya fito da tsarin rarraba haruffa zuwa dangi-dangi a shekarar 1954. Ƙungiyar masu harkar haruffa ta duniya, ATypI, ta karɓi tsarin a 1962, sannan ta janye goyon bayanta gare shi a 2021 saboda an gina shi ne a kan haruffan Turai, bai yi wa sauran rubuce-rubucen duniya adalci ba. Ko da ba a janye ba, tsarin dangi yake nunawa, ba ya kai mutum ga suna. Tamkar mai cigiya ne a ce masa wanda yake nema Bakano ne. Littafin Rookledge's International Typefinder na 1983 ya fi kusa da biyan bukata, domin ya jera haruffa ne bisa alamomin da ke bambanta su. Daga baya aka sami manhajoji irin su Identifont, wadda ke yi wa mutum tambayoyi ɗaya bayan ɗaya a kan siffar haruffan, da WhatTheFont, wadda ake ba ta hoto ta kwatanta shi da abin da ke rumbunta. Illar waɗannan manhajoji ita ce kullum sai sun kawo amsa. Idan zubin da ake nema ba ya cikin rumbunsu, sai su miƙo wanda ya fi kama da shi, wanda bai ƙware ba kuma ya karɓa da hannu biyu.

Hanya ta biyu ita ce ta ma'auni. A yawancin zubi kowane harafi yana da nasa faɗin, "m" ta fi "i" cin wuri. Idan aka sake buga jimlar da ake shakka da zubin da ake zargi, aka ɗora sabon bugun a kan tsohon, to ko dai layukan su ƙare wuri ɗaya ko su saɓa. Wannan hanya ta fi ta ido tsauri, sai dai ita ma tana da makantarta. Misalin Helvetica da Arial ya isa. Max Miedinger da Eduard Hoffmann suka tsara Helvetica a maɗaba'ar Haas ta ƙasar Siwizalan a 1957, Robin Nicholas da Patricia Saunders kuwa suka tsara Arial a kamfanin Monotype a 1982. Arial ɗin da ke cikin kwamfutoci an daidaita faɗin haruffanta da na Helvetica, ta yadda za a musanya ɗaya da ɗaya ba tare da layi ya gusa ba. Ke nan ma'auni ba zai raba su ba, sai ido: ƙafar "R" ta Helvetica tana sauka kusan a miƙe, ta Arial tana fita a karkace, kan "t" na Helvetica a shafe yake, na Arial an yanke shi a gicciye, bakin "c" da "s" na Helvetica a kwance yake daidai da layi, na Arial a karkace. Nan gaba za a ga inda al'amarin ya juya, ido ya kasa, ma'auni ya yi aiki.

4.2 Tambari da Alluna

A nan ne hanyoyin suka fi rauni, a nan ne kuma aka fi yawan amfani da su. Dalili na farko shi ne ƙarancin haruffa. Tambari bai cika wuce haruffa huɗu zuwa takwas ba, kuma mai yiwuwa babu ko ɗaya daga cikin masu tona asirin nan a ciki. Dalili na biyu shi ne masu zana tambari ba sa barin haruffa yadda suka same su. Tambarin FedEx da Lindon Leader ya zana a 1994 an haɗa shi ne daga siffofin Univers da Futura, aka gyara "E" da "x" har kibiya ta fito a tsakaninsu. Na Coca-Cola kuwa tun asali rubutun hannu ne irin wanda ake koyarwa a Amurka a ƙarni na 19. Duk wanda ya tambayi sunan zubin irin waɗannan ya yi tambayar da ba ta da amsa, duk sunan da aka ba shi kuma na ɗan kama ne. Haka abin yake ga allunan shaguna da rubutun jikin manyan motoci a garuruwan ƙasar Hausa, inda mai zane yake kwaikwayon abin da idonsa ya saba gani da burushi da fenti. A irin wannan aiki abin da za a iya ganewa shi ne hannun mai zanen.

Allunan tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin New York sun nuna yadda ƙwararru ma kan faɗa rami. An daɗe ana cewa Massimo Vignelli da Bob Noorda na kamfanin Unimark sun tsara allunan ne da Helvetica. Alhali kundin ƙa'idojin da suka fitar a 1970 ya tanadi Standard Medium ne, wato sunan da ake sayar da Akzidenz-Grotesk da shi a Amurka, tsohon zubin Jamus na ƙarshen ƙarni na 19 wanda ita kanta Helvetica daga gare shi ta samo kama. Sai a 1989 Helvetica ta zama zubin allunan a hukumance. Paul Shaw ya bi diddigin wannan a littafinsa Helvetica and the New York City Subway System. Abin lura shi ne yadda kuskuren ya samo asali: an san Vignelli da son Helvetica, haruffan kuma sun yi kama da ita, sai sunan mai zane ya tsaya a madadin dubawa. Wanda ya gyara kuskuren ya haɗa duban haruffa da karanta takardun hukumar da ta ba da aikin.

4.3 Bugaggun Takardu a Matsayin Shaida

Takarda ta fi tambari yawan haruffa, kuma galibi ba a taɓa siffarsu ba, don haka ganewa ya fi sauƙi. Abin da ake nema a nan shi ne shekara. Kowane zubi yana da lokacin da ya fito, saboda haka takardar da ke ɗauke da kwanan watan da ya girmi zubinta ta jawo wa kanta tambaya. Shari'o'i da dama sun rataya a kan wannan. A Turkiyya, alal misali, an ɗaure ɗaruruwan hafsoshin soja a 2012 bisa zargin shirya juyin mulki a 2003, alhali an sami sawun Calibri a cikin wasu takardun kwamfuta da aka kafa hujja da su. An wanke waɗanda ake tuhuma a 2015. Za a tsaya a kan misalai biyu, domin kowanne ya fito da wata fuska ta matsalar.

4.3.1 Takardun Killian, Amurka, 2004

A ranar 8 ga Satumba, 2004, wata biyu kafin zaɓen shugaban ƙasa, gidan talabijin na CBS ya nuna wasu takardu huɗu a shirin da Dan Rather ya gabatar. An ce Laftanar Kanar Jerry Killian ne ya rubuta su a 1972 da 1973, lokacin da George W. Bush yake ƙarƙashinsa a rundunar tsaron sama ta jihar Texas, kuma suna nuna an yi wa Bush alfarma, ya kuma ƙi bin umurnin zuwa gwajin lafiya. Killian ya rasu tun 1984. Babu takardun asali, sai kwafi da ya bi ta na'urar fakis da ta fotokwafi har gefen haruffan ya dagule.

Cikin 'yan sa'o'i aka fara cewa haruffan Times New Roman ne, don haka takardun na kwamfuta ne. Wannan bincike yana ganin hujjojin farko da aka yi ta yayatawa ba su da ƙwari kamar yadda aka ɗauka. Times New Roman ta fara fitowa ne a jaridar The Times ta Landan a watan Oktoba na 1932, aikin Stanley Morison da Victor Lardent, wato ta girmi takardun da shekara arba'in. Ambaton sunanta kaɗai bai kore komai ba. An kuma ce tafiretar wancan zamani ba ta iya bai wa kowane harafi nasa faɗin, alhali IBM Executive tana yi. Akwai ma IBM Selectric Composer, wadda ke da zubi mai kama da Times. Ga shi kuma dagulewar kwafin ta hana ido tantance ƙananan alamomi.

Abin da ya yi nauyi shi ne ma'auni. Da aka sake buga ɗaya daga cikin takardun da manhajar Microsoft Word, ba tare da an taɓa tsarin da take zuwa da shi ba, sai layukan suka karye a wurare ɗaya, kalmomi suka hau kan juna. Masana irin su Thomas Phinney da Joseph Newcomer sun nuna cewa injunan IBM ɗin nan suna kasa faɗin haruffa zuwa 'yan rukunoni kaɗan ne, ba za su iya fitar da faɗin da aka auna a takardun ba. A nan hujjar ta tashi daga "ya yi kama da kaza" ta koma "injin wancan lokaci ba zai iya fitar da wannan ba", kuma wannan ita ce irin korewar da aka ambata a shimfiɗa.

Duk da haka, sai a dubi inda hujjar ta tsaya. CBS ta nemi gafara a ranar 20 ga Satumba. Kwamitin Dick Thornburgh da Louis Boccardi, wanda ya ba da rahoto a Janairun 2005, ya kama gidan talabijin ɗin da laifin watsa abin da bai tantance ba, amma bai yanke cewa takardun jabu ne ko na gaske ba. An sallami Mary Mapes, mai shirya shirin, Rather kuma ya bar kujerar karanta labarai a Maris na wannan shekara. Tsohuwar sakatariyar Killian ta ce ba ita ta buga takardun ba, amma abin da ke cikinsu ya yi daidai da ra'ayin maigidanta a lokacin. Ke nan nazarin haruffa ya yi magana a kan injin da ya buga takarda, bai ce komai ba a kan gaskiya ko ƙaryar labarin da ke cikinta, bai kuma nuna wanda ya buga ta ba.

4.3.2 Calibri a Pakistan, 2017

Bayan fallasar takardun Panama a 2016, Kotun Ƙolin Pakistan ta kafa kwamitin bincike a kan wasu gidaje huɗu na iyalin Firayim Minista Nawaz Sharif da ke Avenfield House a Landan. 'Yarsa Maryam Nawaz ta gabatar da takardar da ke nuna cewa ita mai riƙon amana ce kawai a kamfanonin da suka mallaki gidajen. Takardar tana ɗauke da kwanan watan Fabrairu na 2006. Masanin takardu na Landan, Robert Radley, ya gano cewa da Calibri aka buga ta, zubin da Lucas de Groot ya zana wa Microsoft, wanda bai shiga kasuwa ba sai a ƙarshen Janairun 2007 tare da Office 2007 da Windows Vista. Kwamitin ya kafa hujja da wannan a rahotonsa na Yulin 2017.

A wannan karon babu gardama a kan sunan zubin. Calibri tana da saukin ganewa saboda kusurwoyinta masu laushi. Gardamar tana kan ma'anar "fitowa". De Groot ya gama aikin tun 2004, kuma zubin yana cikin manhajojin gwaji da Microsoft ta raba wa masu gwadawa kafin 2007. Lauyoyin da ke kare iyalin sun riƙe wannan gam. Shi de Groot ya bayyana cewa abu ne mai wuyar gaske a ce an ɗauki zubin daga manhajar gwaji an buga takardar shari'a da shi a wancan lokaci. Maganarsa mai ma'ana ce, amma "da wuya" daban take da "ba zai yiwu ba". Idan aka kwatanta da takardun Killian, inda injin ne ya gaza, a nan ɗabi'ar mutane ce ake hasashe a kanta. Jaridu da yawa sun haɗa biyun a matsayin abu ɗaya, wanda kuwa kuskure ne.

Daɗin daɗawa, ana yawan cewa Calibri ce ta tuɓe Firayim Minista. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 28 ga Yuli, 2017 ya dogara ne a kan albashin wani kamfani na Dubai da Nawaz Sharif bai bayyana ba a takardun takararsa. An yanke wa Maryam Nawaz ɗaurin shekara 7 a Yulin 2018, Babbar Kotun Islamabad ta soke hukuncin a Satumban 2022, a Fabrairun 2024 kuma ta zama Babbar Ministar lardin Punjab.

4.4 Matsayin Takardun Hausa

Duk hanyoyin da aka tattauna an gina su ne a kan rubutun Ingilishi da 'yan uwansa. Takardar Hausa tana da wata shaida ta daban, wato haruffa masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ. Kafin su zauna a shekarun 1930, masu buga Hausa da boko sukan sa ɗigo a ƙarƙashin harafi ko su rataya masa alama a gefe. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, tana cikin abubuwan da suka yaɗa sabon tsarin. Har ila yau, inda Nijeriya ke rubuta 'y, Nijar tana rubuta ƴ, abin da kan nuna ɓangaren da takarda ta fito. Sai dai rashin lanƙwasa ba ya nuna tsufa, domin tafireta da yawa ba su da waɗannan haruffa. Mai bugu yakan bar su haka nan, ko ya bi su da biro bayan ya gama.

Zuwan kwamfuta ya ƙara wani sawun. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da zubin Rabi'at da Abdalla domin cike wannan giɓi. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ɗora haruffan Hausa a kan maɓallan da Hausa ba ta bukata. Shi ya sa idan aka buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da zubin, sai a ga "qasa" a wurin "ƙasa", "xaya" a wurin "ɗaya", "varawo" a wurin "ɓarawo". Takardar da ta fito da irin wannan kuskure ta faɗi cewa ta bi ta kwamfuta, ko da kuwa kwanan watan da ke kanta na zamanin tafireta ne. Akwai kuma yanayin da zubin da aka zaɓa ba shi da ƙ ko ɗ, sai kwamfuta ta aro su daga wani zubin ba tare da ta sanar ba, harafin ya fito ya fi maƙwabtansa kauri ko tsawo. Manhajar gane zubi takan rikice a nan, domin zubi biyu ne a cikin kalma ɗaya. Wanda bai san dalili ba kuma yana iya zaton an yi wa takardar kutse ne.

A ɓangaren ajami, yawancin 'yan littattafan da ake sayarwa a kasuwa rubutun hannun magwaji ne aka ɗauki hotonsa aka buga, don haka tambayar zubi ba ta taso ba. Amma a 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da zubin Alkalami, wanda aka tsara bisa salon rubutun hannu na Kano. Daga nesa yana iya kama da aikin alƙalami da tawada. Abin da ke bambanta su shi ne, a bugun kwamfuta kowane harafi yana maimaita kansa ba tare da ko ɗan sauyi ba, abin da hannu ba ya iyawa.

Matsalar da ta fi shafar jama'a ita ce ta sake bugu. Al'ada ce sananniya mutum ya ɗauki tsohuwar takardar cinikin gona ko ta rabon gado da ta fara yagewa, ya kai shagon kwamfuta a sake buga masa ita tsaf, har da kwanan watanta na asali, wani lokaci ma ya yar da tsohuwar. Idan rigima ta tashi, mai nazarin haruffa zai iya nuna cewa takardar da ke cewa 1975 da Calibri aka buga ta, kuma ya faɗi gaskiya. Abin da ya tabbatar shi ne wannan fallen bai kai shekarun da yake da'awa ba. Ko an yi cinikin a 1975 ko ba a yi ba, wannan sai an koma ga shaidu, da hatimin dagaci ko mai unguwa, da rajistar kotun da aka yi rabon a gabanta.